Gargaɗi ga masu babura kan ruwan faci na jabu da ke cin wili ta ciki

Ina kira ga masu babura, musamman waɗanda babur ne hanyar abincinsu, da su yi hattara da wasu masu tallar ruwan da ake ɗura wa taya ta bawul, wanda ake kira ruwan faci, waɗanda ke yawo da shi a bakin hanya da shafukan sada zumunta suna alkawarin cewa duk wanda ya zuba sau ɗaya ya rabu da mai faci har tayar ta ƙare. Wannan alkawari ƙarya ne, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kwalaben da irin waɗannan mutane ke riƙe da su ba sunan kamfani, ba ranar lalacewa, ba bayanin abin da aka haɗa a ciki.

Dabarar da suke shawo kan mutane da ita ɗaya ce. Za su kawo sabuwar taya, su kafa mata siririyar ƙusa a tsakiyar inda take taka ƙasa, su zare, su juya ta, sai a ga ɗan kumfa ya fito iska ta tsaya. Abin da ido ya gani gaskiya ne, domin ko ruwan da aka yi wa algus yana iya toshe ƙaramar huda na ɗan lokaci. Abin da ba za su nuna ba shi ne cikin wilin bayan ruwan ya yi watanni a kulle.

Ruwan faci na gaskiya galibi iri biyu ne: wanda aka yi da danƙon roba, da akan sa masa amoniya don kada ya daskare a kwalba, da wanda aka yi da sinadarin gilaikol, wani ruwa mai ɗan kauri da ba ya saurin bushewa, haɗe da ƙananan zaruruwa da garin roba. Kamfanonin kirki suna ƙara maganin hana tsatsa, kuma da yake ƙarfin maganin yana raguwa, shi ya sa suke rubuta wa'adi. Ɗan damfara kuwa yana sirka kayan da ruwa don ya yi auki, ko ya juye wanda wa'adinsa ya wuce a sabuwar kwalba. Wilin alminiyom yana da wata siririyar fata da ke kare shi, amma gishirin da ke cikin ruwa da sinadarai masu kaifi irin amoniya suna karya ta, musamman a wuraren da ƙarfen cire taya ya kankare fenti. Amoniya tana kuma cin tagullar bawul. Wilin da aka yi da ƙarfen maganiziyom ya fi saurin lalacewa. A taya mai tif ma ba a tsira ba, domin ruwan yana bin hudar ya kwanta tsakanin tif da wilin ƙarfe, ya sa kawunan wayoyin wilin su yi tsatsa.

Duk wanda ya tsaya kan mai faci lokacin da ake buɗe irin wannan taya ya san abin da nake nufi: fentin cikin wilin ya kumbura yana ɓarewa, ƙarƙashinsa farin gari kamar toka, idan an goge sai a tarar da ƙananan ramuka jere a daidai inda leɓen taya ke zama. Ta waɗannan ramuka iska ke zurarewa a hankali, mai babur ya riƙa ba da iska kowace safiya bai san dalili ba, kuma idan ya koma wurin mai tallar sai a ce masa ruwan ne ya yi kaɗan, ya ƙara kwalba. Nan ne zaluncin ya kai matuƙa, domin abin hawa mai ƙafa biyu ba ya jure sacewar tayar gaba ana cikin gudu, ga kuma karkarwar kan babur da dunƙulen ruwan da ya bushe a gefe ɗaya ke jawowa.

Ko ingantaccen ruwan faci yana da iyaka. Kamfanoni da dama ba sa lamunce hudar da ta wuce kimanin milimita 6, ba ya gyara yanka a gefen taya, kuma irin na gaggawa akan rubuta kada a wuce kilomita 80 a awa da shi har a kai wurin gyara. Mai tallar da ya musanta wannan, ko ya ƙi bari a karanta jikin kwalba, ko ya kasa nuna inda aka rubuta cewa ruwan ya dace da wilin alminiyom, kada a ba shi ko sisi.

Wanda ya riga ya zuba ruwan da bai san asalinsa ba, ya sa a cire tayar tun yanzu, a wanke cikinta da wilin, a busar da su sarai, a canza bawul, sannan a yi facin gaske daga ciki. Ya kuma gaya wa mai faci tun kafin ya fara aiki, domin gam ba ya kamawa a kan ragowar ruwan. Idan ramukan sun yi zurfi ko an ga alamar tsagewa, a canza wilin gaba ɗaya, a ajiye kwalbar da hoton ɓarnar a kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya.