Tek ko Fiapre: amsa ga Hajiya kan karatun 'yarta

Hajiya, barka da war haka. Na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai da na yi asuba kafin in amsa, don maganar ba ta gaggawa ba ce. Kin ce 'yarki ta gama sakandare, zuciyarta na kan aikin jinya. Tek, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, ta ba ta gurbi amma a fannin da ba shi ta nema ba, jami'ar Katolika da ke Fiapre kuma ta ba ta jinyar kanta. Alhaji ya ce ba zai miƙa 'yarsa hannun fada, wato limaman cocin Katolika, ba. Kin nemi a ajiye miki makarantun biyu gefe da gefe.

Tek dai tamu ce, ba sai an gabatar da ita ga mutumin Kumasi ba. Ta buɗe a 1952 a matsayin kwalejin fasaha, ta zama jami'a a 1961, yau ɗalibanta sun haura dubu 80. Daga Aboabo ko Asawase, tafiya ce ta ɗan lokaci a trotro. Ta Fiapre yarinya ce a kanta. Majalisar bishop-bishop ɗin Katolika ta Gana ce ta kafa ta a gefen Sunyani, ta fara karatu a watan Maris na 2003 da ɗalibai 50 kacal, kuma a 2022 ta samu izinin shugaban ƙasa na ba da digiri da sunanta. Kafin nan a ƙarƙashin tsofaffin jami'o'in gwamnati take bayarwa. Ɗalibanta 'yan dubbai ne kaɗan. Wannan bambancin girma shi ne uwar duk sauran bambance-bambancen, har na addinin ma, zan dawo kansa.

Bari in fara da abin da ya hana Alhaji barci. Tsoronsa ba na banza ba ne. Dukanmu mun tuna azumin 2021, lokacin da wata makarantar kwana ta 'yan mata a Cape Coast ta hana ɗaliba Musulma azumi, ƙasa ta ɗauki zafi. Amma waccan sakandare ce, ta Methodist ce, yara ne a hannun masu kula da ɗakin kwana. Jami'a wuri ne na baligai. Kuma 'yan Roman, wato Katolika, suna da rubutacciyar ƙa'ida da ta hau kan kowace jami'arsu a duniya, wadda Paparoma John Paul na biyu ya fitar a 1990, sunanta Ex corde Ecclesiae, wato daga zuciyar coci. Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce jami'ar ta Katolika ce kuma za ta bayyana hakan a fili, bai kamata malaman da ba Katolika ba su fi yawa ba, a tanadi darasin koyarwar cocin ga mai so, a haɗa kowace sana'a da tarbiyyar ɗa'a. Wanda ba Katolika ba, an nemi ya girmama wannan. Sannan ta juyo ta ɗora wa jami'ar nata nauyin: ta girmama 'yancin addininsa, kuma idan akwai mabiya wasu addinai a cikinta, a mutunta shirinsu na ibada bisa imaninsu. Wannan makami ne a hannunki, Hajiya. Duk ranar da wani ya tsaya wa 'yarki a kan salla, da littafinsu za ki kama shi, kafin ma a je ga sashe na 21 na tsarin mulkin Gana na 1992, wanda ya ba kowa 'yancin addini.

To mece ce manufarsu, in ba mayar da yara Kirista ba? Yadda na fahimce ta, su ba su yarda ilimi kaya ne da ake saya a tafi ba. Suna ganin neman sani hanya ce ta bauta, kuma mai digiri bashi ne a kansa ya yi wa talaka hidima. Ki dubi asibitocinsu a wancan yankin, Holy Family ta Berekum da ta Techiman, inda matanmu na Zango ke haihuwa shekara da shekaru. Wannan tunanin bai yi nisa da abin da malamanmu suka karantar da mu ba a kan ilimi mai amfani. Tek ba ta da irin wannan da'awar. Jami'ar gwamnati ce, aikinta kimiyya da fasaha, addinin kowa kuma nasa ne.

Ni makarantar Roman na yi firamare, a nan Kumasi. Har yau ina ganin ranar da mahaifina ya kai ni: ya tsaya a bakin ofis da carbinsa, idonsa a kan gicciyen da ke bango, ya ƙi zama. Sista ta kawo masa kujera da kanta. Shekara shida ina jin ƙararrawar sha biyu, abokaina su tsaya su yi addu'arsu, ni in yi shiru hannuna a baya. Da yamma in ɗauki allona in tafi makaranta. Abin da ya riƙe ni ba bangon ajin ba ne, gidanmu ne da malamin allo. Sai dai ni kullum gida nake kwana. 'Yarki ba za ta kwana gida ba, kuma a nan ne kwatancin ya yi tsauri.

A Tek Musulmi ba baƙo ba ne. Akwai masallaci, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA mai ƙarfi, ana buɗa-baki tare, ana tarawihi, hijabi ko ta ina. Ranar Juma'a sahu ya cika ya batse. Wannan babbar ni'ima ce, kuma Fiapre ba za ta iya kamo ta a nan ba. Can 'yarki za ta zama cikin 'yan tsiraru, taro zai buɗe da addu'ar Kirista, za ta ga fada da farar riga a harabar makaranta, kalanda kuma za ta bi bukukuwan coci.

Amma taron Tek kaifi biyu ne. Ɗakunan kwana na gargajiya guda shida ne, su Katanga da Conti da Africa da sauransu, ba za su ɗauke wannan jama'a ba, don haka yawancin ɗalibai a hostel suke a Ayeduase da Kotei da Bomso. Na kai wa 'yar ƙanwata garin rogo da kwalbar shito a irin wannan ɗakin: gado huɗu, tukunyar gas a lungu, dardumarta a naɗe a kan akwati. Alhamdu lillahi ta riƙe kanta, don tun makon farko ta nemi 'yan uwa. Amma na fita ina tunani, wadda ba ta nema ba fa, wa zai san ta yi sallar asuba ko ba ta yi ba? Wa zai san ta shiga aji? A ƙaramar makaranta malami na sanin fuska, kujerar da babu kowa a kanta tana magana. Yarinya mai kunya, wadda ba ta iya kutsawa cikin taro, sau da yawa ta fi tsira a inda ake ganinta. Ke kika haife ta, ke kika san wace iri ce.

Maganar kuɗi gajeriya ce: Tek ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Tun 2025 gwamnati ta ɗauki kuɗin karatun shekarar farko a manyan makarantunta, banda wurin kwana. Fiapre mai zaman kanta ce, daga kuɗin ɗalibai take rayuwa, jinya kuma tana zuwa da nata ƙarin: kayan sawa, zuwa asibiti koyon aiki, jarrabawar lasisi. Ku lissafa shekara huɗu cif, ba zangon farko kawai ba. Na ga gidajen da suka fara da ƙarfi, shekara ta uku adashi ya gaza, yaro ya dawo gida ba takarda. Ga kuɗin mota kuma, tafiyar wajen awa uku ce daga nan, ba wadda za ki ɗauki tuwo ki leƙa da la'asar ba.

Ga ra'ayina, tunda kin nema. Da a ce jinyar ce Tek ta ba ta, da ban ɓata miki lokaci ba, sai in ce ku gode wa Allah ku saya mata katifa. Amma tura yarinya ta yi shekara huɗu a fannin da ba ta so, don kawai gudun gicciye a bango, wannan ban goyi bayansa ba. Zangonmu na buƙatar ma'aikatan jinya mata masu jin Hausa. Ki tuna tsohuwar da ke kwance a gadon asibiti tana nuna cikinta da hannu, ba ta da bakin da za ta faɗi inda ke mata ciwo. Lasisin jinya kuwa hukuma ɗaya ce ke ba da shi, ko daga ina kika fito. In aljihu zai ɗauka, ni Fiapre na karkata.

A gaya wa Alhaji cikin ladabi cewa Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, da ƙafarsa ya shiga cocin Christ the King a Accra ranar Ista ta 2019, yana cika shekara 100, ya zauna tare da su, ya fito da rawaninsa da imaninsa. Sannan kada a tsaya a maganata. Ku je da kanku, kuma ku zaɓi ranar Juma'a. Ku nemi ɗalibai Musulmi, musamman mata, ku tambaye su ba a gaban ma'aikata ba: ina kuke salla, yaya ake yi in lacca ta faɗo a lokacin Juma'a, halartar coci dole ce ko ganin dama, kuma hijabi fa a asibitin koyon aiki? Abin da ofis ya faɗa muku game da hijabin, ku roƙa a rubuta. Ku leƙa Zangon Sunyani ku samo gidan mutunci da za ta riƙa zuwa buɗa-baki, don yarinya a baƙon gari tana buƙatar uwa ta biyu.

In Alhaji ya amince, zan raka ku Juma'a mai zuwa in sha Allahu. Mu haɗu a tasha bayan asuba, ita ma ta zo da takardunta.