Tsakanin John Grisham da Dan Brown, ga wanda za ka saya

Malam, tunda kuɗin da ke hannunka na marubuci ɗaya ne, kuma ka tsaya a kan John Grisham da Dan Brown, to ka sayi littattafan Grisham.

Na farko da ya shigo hannuna cikin littattafansa shi ne The Firm, wanda ya fito a 1991. Na gwanjo ne, bangonsa ya tsage har sai da na liƙe shi da salatif, wanda ya riga ni mallakarsa kuma ya ja wa kalmomi masu wuya layi da jan biro. Na buɗe shi bayan sallar isha'i a gaban fitilar ƙwai da niyyar in karanta babi biyu, ban farga ba sai da kananzir ya ƙare, lagwani ya soma hayaƙi. Labarin wani matashin lauya ne da wani kamfanin lauyoyi na birnin Memphis ya ɗauka aiki da albashi mai tsoka da sabuwar mota, sai daga baya ya gane cewa kamfanin yana wanke wa gungun 'yan Mafiya kuɗaɗensu ne.

Abin da ya sa rubutun Grisham yake kama mai karatu shi ne mutumin ya san kotu ciki da bai. An haife shi a 1955 a jihar Arkansas ta ƙasar Amurka, ya kammala karatun lauya a Jami'ar Mississippi a 1981, ya yi kusan shekara goma yana aikin lauya a garin Southaven, ya kuma zauna a majalisar dokokin jihar Mississippi har zuwa 1990. A 1984 ya saurari shaidar wata yarinya 'yar shekara 12 da aka yi wa fyaɗe, abin ya tsaya masa a rai, ya dinga tashi da asuba yana rubutu kafin ya tafi ofis, har tsawon shekara uku. Daga nan A Time to Kill ya samu. Kamfanonin ɗab'i da dama suka ƙi karɓarsa, sai wani ƙaramin kamfani ya buga kwafi 5,000 kacal a 1989. A ganina, har gobe shi ne mafi nauyi cikin ƙagaggun labaransa, domin ya taɓo wariyar launin fata a jihohin kudancin ƙasar Amurka ba tare da kwana-kwana ba.

Idan kuma kana son labarin da ya faru da gaske, akwai The Innocent Man na 2006, tarihin Ron Williamson na garin Ada a jihar Oklahoma, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a 1988 kan laifin da bai aikata ba. Saura kwana biyar a kashe shi aka dakatar da hukuncin, sannan gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke shi a 1999. Turancin Grisham mai sauƙi ne, ba sai ka ajiye ƙamus a gefe ba. Aibinsa ɗaya shi ne wasu daga cikin littattafansa na baya-bayan nan suna kama da juna.

Shi kuwa Dan Brown, tsohon malamin makaranta ne daga jihar New Hampshire wanda littattafansa uku na farko ba su yi kasuwa ba sai da The Da Vinci Code ya fito a 2003. Na saye shi sabo fil saboda yayinsa da ake yi, kuma na yi da-na-sani. Ba zan hana shi haƙƙinsa ba, ya iya gajerun babuka masu sa mutum ya juya shafi. Sai dai ya buɗe littafin da cewa ƙungiyar asiri ta Priory of Sion gaskiya ce tun daga 1099, alhali wani Bafaranshe mai suna Pierre Plantard ne ya kafa ta a 1956. Ga kuma abin da ya faɗa game da Annabi Isa (AS), wanda ya sa aka haramta littafin a Labanan a 2004. Wanda ya karanta labari ɗaya na Farfesa Robert Langdon, jarumin The Da Vinci Code da wasu littattafan Brown, ya riga ya san yadda sauran za su tafi.

Ka yi hattara da wasu masu sayar da littattafai, musamman na bakin titi da na intanet. Jabun bugu ya cika kasuwa, ana naɗe shi a leda don kada ka buɗe, sai ka je gida ka tarar da rubutu ya dishe, ko shafi ashirin sun ɓace a tsakiya, kamar yadda ya taɓa faruwa da ni da The Pelican Brief na Grisham. Akwai kuma taƙaitattun bugu da aka yi domin masu koyon Turanci, waɗanda wasu ke sayarwa a kuɗin cikakken littafi. The Firm na asali ya haura shafi 400, saboda haka idan aka miƙo maka siriri ka mayar. Ka sa a yage ledar a gabanka, ka bi lambobin shafuka kafin ka biya. Ka fara da The Firm, sannan A Time to Kill, idan da sauran canji ka haɗa da The Innocent Man.