Kwana shida da Baba a ɗakin da ke tsakanin ICU da babban ɗaki

Ranar da aka cire wa Baba na'urar taimakon numfashi a ICU, wato ɗakin kula da masu matsanancin ciwo, mun ɗauka babban ɗakin maza za a kai shi, mu shimfiɗa tabarma kusa da gadonsa kamar kowa. Sai likita ta ce tukuna, akwai ɗaki na tsakiya da suke kira HDU, na wanda ya fita daga bakin kura amma bai kai a ɗauke ido daga kansa ba. Wani asibiti ne a Kano. Nimoniya ce ta kwantar da Baba, ga kuma ciwon suga.

Da farko na ji haushi, na ce wata hanyar cin kuɗi ce kawai. Dare na biyu ya rufe min baki. Wajen ƙarfe uku ɗan abin da ke maƙale a yatsansa ya nuna iskar jininsa ta sauko daga 95 zuwa 86, na'ura ta hau ƙara. Kafin in gama sa takalmi daga baranda, nas ta riga ta ɗaga kan gadon, ta canza robar hanci da takunkumin oksijin, ta zuƙe masa majina. Marasa lafiya biyu kacal take kula da su. A babban ɗaki, inda nas ɗaya ke fama da gadaje barkatai, wa zai lura da wannan a tsakar dare?

Abin da na fi yabawa shi ne koyarwar da suka yi mana. Duk bayan awa biyu ake juya Baba don kada gyambon kwanciya ya fito masa, kuma sai da suka sa na yi da hannuna. Wata rana na ɗauko kunu zan ba shi yana kwance, sista ta riƙe min hannu. "Malam, zaunar da shi tukuna. In ya shaƙe, huhun da muke gyarawa kunun zai tafi." Har yau kunyar nan ba ta sake ni ba.

Amma akwai gyara. Kuɗin gado daban, na oksijin daban, allurai kuma kai za ka bi layin kantin magani da takarda, wani lokaci sau uku a yini. Babu wurin zaman masu jinya, sai benci da sauro. Bayani kuwa sai ka tare likita a hanya. Da kyar muka samu wanda ya zauna ya gaya mana me ake jira kafin a kai shi babban ɗaki.

Ranar ta shida ya yini ba oksijin, ya taka daga gado zuwa ƙofa da taimakon mai gashin ƙashi, aka mayar da mu babban ɗaki. Abin da ya fara tambaya a can, ina rediyonsa.