TalkBack a wayar Android: inda yake aiki da inda yake tuntuɓe

Masu gyaran waya sun saba da wannan ƙorafin: waya ta fara surutu da kanta, wani koren akwati yana yawo a kan allo, an taɓa abu ya ƙi buɗewa. Mai ita ya ɗauka ta lalace, har ya nemi a yi mata filashin. Lafiyarta ƙalau, TalkBack ne ya kunnu a aljihu. A danne maɓallan ƙara sauti da rage sauti tare na daƙiƙa 3, zai mutu. Wannan manhaja mai karanta abin da ke kan allo da murya, wadda ke ba masu gani haushi, ita ce idon makafi a kan Android tun 2009, kuma kyauta Google ke ba da ita.

Ana kunna ta daga saitin waya, a sashen Accessibility. Da zarar ta tashi, dokar taɓa allo ta canza. Taɓawa ɗaya ba ta buɗe komai, sunan abin kawai za a faɗa maka. Sai ka ƙwanƙwasa sau biyu a ko'ina a allon kafin ya buɗe. Jan yatsa dama yana kai ka abu na gaba, hagu ya mayar da kai na baya. Gungura shafi sai da yatsu biyu. Ƙasa sannan hagu, ba tare da ɗaga yatsa ba, shi ne komawa baya. Sama sannan hagu ya fito da kai babban allo. Waɗannan masu kusurwa su suka fi wahalar da sabon shiga, domin idan lanƙwasar ba ta fita sosai ba, wayar sai ta ɗauka jan yatsa ne kawai. Shi ya sa gyaran 2021, wanda Google ya yi tare da Samsung, ya yi amfani: taɓa allo da yatsu uku yana buɗe jerin umarni, taɓawa da yatsu biyu tana tsayar da magana. Akwai darasin gwaji a ciki, kada a tsallake shi.

Wajen sirri an yi tunani mai kyau. Akwai umarnin ɓoye allo, ya yi baƙi ƙirin alhali wayar na ci gaba da aiki, don na kusa da kai a mota kada ya leƙa saƙonka. Lambar sirri kuwa ana iya saita ta yadda ba za a furta ta ba sai an sa iyafis. Mai yin transfa a kasuwa ya fara duba wannan kafin komai.

Babban raunin TalkBack a wajenmu shi ne Hausa. TalkBack ba shi da murya tasa. Rubutu yake miƙa wa injin furuci da ke cikin wayar. Idan muryar da aka saita ta Turanci ce, da ƙa'idar Turanci za ta karanta saƙon Hausa. Kalma irin "mace" ko "sake" sai ta haɗiye wasalin ƙarshe, "c" ta koma "k" ko "s", su ɓ da ɗ da ƙ kuwa ko ta murɗe su ko ta tsallake. Kunne yana sabawa a hankali, amma suna da adireshi ba a yi musu kirdado. Dabarar ita ce a sauya ma'aunin karatu zuwa harafi-harafi, ta hanyar jan yatsu uku hagu ko dama, sannan a bi kalmar da jan yatsa ɗaya ƙasa. Yana aiki, sai dai cin lokaci. A ƙananan wayoyi masu ƙarancin RAM kuma muryar kan makara bayan yatsa, abin da ke da ciwo a lambobin banki na USSD, waɗanda ke katsewa idan an jinkirta amsa.

Sauran matsalolin ba laifin TalkBack ba ne, na masu ƙera manhajoji ne. Maɓallin da hoto ne zalla, kamar kibiyar aika saƙo, sai mai ƙera manhajar ya rubuta masa suna a gurbin da ake kira contentDescription, inda TalkBack ke ɗauko sunan da zai furta. Idan aka bar gurbin fanko, sau da yawa abin da makaho zai ji shi ne akwai maɓalli, ba suna. A ce uku ne a jere a manhajar kuɗi, ɗaya na aikawa, ɗaya na sokewa: caca ke nan. TalkBack yana bari mai waya ya laƙaba wa irin wannan maɓallin suna da kansa, amma sai wani mai gani ya fara faɗa masa aikinsa. Haka ma tallan da ke faɗowa da ɗan ƙaramin alamar rufewa a lungu. Ƙa'idar Android ita ce wurin taɓawa kada ya gaza 48dp tsawo da faɗi (dp ma'aunin girma ne a allon Android), bambancin launin ƙananan rubutu da na bango ya kai 4.5 bisa 1, girman rubutu kuma a auna shi da sp, ma'aunin da aka keɓe wa rubutu, don ya bi zaɓin mai waya. Tun Android 14 ana iya ƙara rubutu zuwa kashi 200, manhajar da aka ƙayyade wa tsayin akwati sai ta datse rabin jimla. Manhajar bincike ta Accessibility Scanner, ita ma kyauta a Play Store, tana zagaye irin waɗannan kurakuran a kan allo ɗaya bayan ɗaya.

Ga mai saya wa ɗan uwa makaho waya, a zaɓi mai RAM aƙalla 4GB, a haɗa da iyafis, a sabunta Android Accessibility Suite (manhajar da TalkBack ke ciki), a rage saurin magana a makon farko. Kafin a biya kuɗi, a kunna TalkBack a shagon, a gwada amsa kira da buga lamba.