Kamfonent ko rileshan: wanne zai rage maka maimaici a Strapi?

Ɗan'uwa, ka ce kana da nau'in shafi shida a Strapi, manhajar da ake tsarawa da adana bayanan shafukan intanet, kowanne ka sa masa gurbin take, taƙaitaccen bayani da hoto saboda Google, ga adireshin rassan kamfani da kake ta sake rubutawa. Kana tambaya ko kamfonent (tarin gurabe da ake sakawa a shafuka da yawa) za ka yi, ko teburi daban ka ɗaura da rileshan (alaƙa tsakanin teburi da teburi).

Maimaicin naka iri biyu ne, shi ya sa kanka ya ɗaure.

Kamfonent kamar injin buga bulo yake: siffa ɗaya, amma kowane bulo da nasa siminti. Za ka tsara guraben nan uku sau ɗaya, ka saka su a duk shafukan. Gobe in ka ƙara gurbi na huɗu, duka shidan sun samu. Abin da aka rubuta a ciki kuwa na wannan shafin ne shi kaɗai, in ka goge shafin ya tafi da shi. Take da bayanin Google nan ne gidansu, tunda dama ba ka son shafi biyu su yi take ɗaya.

Rileshan kuma rijiyar unguwa ce, ruwa ɗaya kowa ke ɗiba. Adireshin reshe na zaune a teburinsa, yana da ƙofarsa a API (hanyar da shafinka ke neman bayanai daga Strapi), shafuka suna nuni gare shi kawai. Reshe ya tashi, ka gyara wuri ɗaya, an gama. Ni na taɓa cusa adireshi a kamfonent saboda ya fi saurin haɗawa. Ranar da masu aikin suka sauya ofis, shafi-shafi na bi ina gyarawa, kuma sai da biyu suka kuɓuce mini. Amma rijiyar ma da haɗarinta, domin in edita ɗaya ya goge adireshin, duk shafukan da ke ɗiba sun rasa.

Af, in ofishin ɗaya ne tal, kada ka wahalar da kanka da rileshan. Yi masa nau'in nan mai shigarwa ɗaya da Strapi ke kira Single Type, ka ɗauko shi ka nuna a ƙasan kowane shafi.

Inda suka yi tarayya shi ne wajen ɗauko bayanai. Tun daga Strapi 4, ba kamfonent ba rileshan, babu wanda ke fitowa a amsar API ɗin sai ka nema. Kuma populate=*, umarnin da kake sakawa a buƙatar don a haɗo maka da su, hawa ɗaya kawai yake sauka. Hoton da ke cikin kamfonent ɗinka yana hawa na biyu, don haka sai ka ambace shi da sunansa a cikin buƙatar, in ba haka ba za ka ga take da bayani sun zo, hoto babu.