Sayen Na'urar Ɗakin Gwaji ko Miƙa Aiki ga Cibiyar Haɗaka: Abin Lura Kafin Yanke Shawara

Duk malamin jami'ar da ke harhaɗa DNA ko gwada ɗaruruwan nau'o'in ƙwayoyin halitta, akwai lokacin da hannun ɗalibansa zai gaza. A nan ne zai zaɓa tsakanin sayen na'ura mai sarrafa kanta, da miƙa aikin ga cibiyar haɗaka da ke yi wa masu bincike da dama hidima. Abin da ya fi yanke hukunci shi ne ko aikin nasa ya daidaita har ana maimaita shi mako bayan mako ba tare da sauyi ba, domin irin wannan aikin ne ya cancanci sayen babbar na'ura.

A ɓangaren saye, mafi sauƙin farawa su ne ƙananan na'urorin aunawa da zuba ruwan gwaji irin OT-2 da kamfanin Opentrons ya fitar a 2018, da Flex da ta biyo baya a 2023. Ana ba su umarni da harshen kwamfuta na Python, don haka ɗalibin da ya iya rubuta manhaja zai iya koya musu cika farantin gwaji mai ƙananan ramuka 96 cikin ɗan lokaci. Manyan na'urori irin Hamilton STAR da Tecan Fluent sun fi ɗaukar aiki mai yawa, kuma tsadarsu ta ninka sau da yawa. Akwai kuma Echo ta Beckman Coulter, wadda ke harba ɗigon ruwa da ƙarfin sauti ba tare da wani abu ya taɓa shi ba, a wasu nau'o'inta ɗigo ɗaya nanolita 2.5 ne kacal (nanolita kashi ɗaya ne cikin biliyan na lita). Wannan yana rage kuɗin sinadarai sosai a faranti mai ramuka 384 ko 1536, sai dai tana buƙatar farantai nata na musamman.

Farashin da ke kan takardar ɗan kasuwa somin-taɓi ne. Bayansa akwai kwangilar gyara ta shekara-shekara, da bakunan roba na zuƙar ruwa da ake zubarwa bayan kowane aiki, da daidaita ma'auni, da wutar lantarki marar yankewa. Mafi tsada duka shi ne mutumin da zai riƙe na'urar. Tallafin bincike yakan ƙare cikin 'yan shekaru, ɗalibin digiri na uku da ya laƙanci sirrinta yakan kammala ya tafi, sai a bar na'urar a rufe da leda. A ganina, wanda ba shi da albashin ƙwararren ma'aikaci na dindindin bai kamata ya sayi babbar na'ura ba, ko da kuɗinta na hannu.

Cibiyoyin haɗaka, waɗanda ake kira biofoundry a Turance, sun taso ne don toshe wannan giɓi. A watan Mayun 2019 cibiyoyi 16 suka kafa ƙawancen Global Biofoundry Alliance a birnin Kobe na Japan. Daga cikin sanannun cibiyoyi akwai Edinburgh Genome Foundry a Birtaniya, da iBioFAB ta Jami'ar Illinois da DAMP Lab ta Jami'ar Boston a Amurka. A 2024 hukumar tallafa wa kimiyya ta Amurka, NSF, ta ware dala miliyan 75 don sababbin cibiyoyi biyar. Aikin irin waɗannan cibiyoyi yana zagayawa ne daga tsarawa zuwa ginawa, zuwa gwaji, zuwa ɗaukar darasi daga sakamako, kuma mai bincike yana iya sayen mataki ɗaya kawai.

Amma fa cibiya tana da layi, kuma tana da hanyoyinta. Idan ta saba harhaɗa DNA da tsarin Golden Gate, dole ka sake fasalin guntayen DNA ɗinka su dace da shi, wanda kan ci makonni. Kafin sa hannu, a tambayi wanda zai mallaki abin da aka gano, da ko za a ba da ɗanyen bayanai ko taƙaitaccen rahoto ne kawai, da wanda zai biya idan aiki ya lalace. Idan samfurin gwajinka zai ƙetare iyakar ƙasa, akwai yarjejeniyar miƙa kaya da dokokin Yarjejeniyar Nagoya kan albarkatun halittu, waɗanda suka fara aiki a 2014.

Ɗakunan gwaji da ake sarrafawa ta intanet, irin Emerald Cloud Lab, su ma hanya ce, amma sun fi dacewa da ƙungiyar da ta ƙware wajen rubuta gwaji a matsayin manhaja.

Ga ƙungiyar da hanyar gwajinta ke sauyawa kowane wata, aikin hannu da ƙaramar na'ura ɗaya sun wadatar. Manyan ayyuka da ke zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara kuwa, a kai su cibiya, a kuma sa kuɗin hidimarta cikin kasafin tallafi tun a takardar nema.