GARGAƊI: Mai motar da ke bin kasuwanni da sunan "sabunta babur"

Salamu alaikum jama'a, musamman masu roba-roba da masu ƙananan baburan nan irin na mata a yankin Ringim, Taura, Garki da Gumel. Sana'ata wayarin ɗin babur. Rumfata tana bakin titi a wani ƙauye kusa da Gujungu, kuma na haura shekara 15 a kan wannan aiki. Daga bayan ƙaramar salla zuwa yau babura tara aka kawo mini da ciwo kusan iri ɗaya. Duk wanda na tambaya wa ya taɓa masa wayoyi, amsarsa ɗaya ce: "Mai motar nan ne da ya zo ranar kasuwa." Na taran na kawuna ne, babur ɗin kuwa a amalanke aka kawo shi, matar kawun tana kwance da karaya. Shi ya sa na ga shiru bai kamace ni ba.

Yana zuwa da ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya, da lasifika a samanta, da yara biyu masu riga iri ɗaya, shi kuma da kati rataye a wuya. Cewa yake kamfani ne ya turo su daga Legas, farashin talla ne, yau kaɗai. Cikin waɗanda suka zo wurina, wasu a Gujungu suka gamu da shi ranar Lahadi, wasu a Maigatari ranar Alhamis, mutum ɗaya a Shuwarin ranar Litinin. Motar takan canja, yaran ma haka, amma hajar ba ta canjawa: na'urar rage shan mai, fitila mai haske kamar ta mota, wurin cajin waya, sabon batir da taya biyu, duka a kuɗin da ko taya biyu masu kyau ba zai saya maka a shago ba. Zai ba ka rasit mai tambari da garanti na shekara ɗaya. Babu adireshin shago a jiki, lambar wayar kuma kafin kasuwa ta zagayo a kashe take.

Ni ban ga laifin wanda ya faɗa hannunsa ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Malamin firamare da ke zuwa ƙauye kullum, da manomin da gonarsa ke can bayan fadama, duk wanda aka ce za a rage masa rabin kuɗin mai dole ya tsaya ya ji. Da wannan halin mutumin yake cin abinci.

Na'urar nan na fasa guda uku da hannuna a gaban masu su. Baƙar roba ce kamar kwalin ashana, da waya biyu, ja da baƙa. A cikinta akwai ɗan ƙwan fitila kore, da kafasita ɗaya irin ta tsohuwar rediyo, sauran wurin an cika shi da gam don ta yi nauyi a hannu. Shi ke nan. Mai kuwa daga tanki yake gangarowa kafireto, ya gauraya da iska, inji ya zuƙa. Abin da wuta take yi a nan shi ne tartsatsin fulogi, kuma a yawancin baburanmu wannan wutar daga kwayil ɗin cikin inji take fitowa ta bi ta si-di-ai, wato ɗan akwatin da ke sakar wa fulogi wuta, ba ta biyowa ta batir. Cire batir ɗin gaba ɗaya ka buga kiki, babur zai tashi. To ta yaya abin da aka rataya a kan batir zai hana inji shan mai? Dabarar tasa ita ce, yayin da yaran suke ɗaura wayoyi suna janka da hira, shi sai ya sa sukundireba ya murɗa sukurorin kafireto, ya rage silo, ya ƙuntata man. Kana tayarwa ka ji ƙarar ta yi laushi, ka ce lallai abin ya yi aiki. Bayan kwana biyu babur ya fara mutuwa duk inda ka tsaya, inji yana zafi fiye da kima, in ka kwance fulogi ka gan shi fari fat. Wanda ke son rage shan mai da gaske, ya wanke soson iska, ya canja fulogi in ya gaji, a saita masa bawul, ya ɗaure sarƙa daidai, kada kuma ya yi yawo da taya ba iska.

Wannan duk asarar kuɗi ce, ana iya haƙuri da ita. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fis.

Kusa da batir ɗin kowane babur, a kan jar waya, akwai ɗan fis, yawanci mai amfiya 10 ko 15. An yi shi ne don ya ƙone. In wata waya ta goge ta taɓa ƙarfen jikin babur, fis ne zai tsinke nan take, wuta ta yanke, ka sayi wani da 'yan canji. Shi wannan mutumin, da yake fitilunsa da sauran tarkacen suna yawan kashe fis, sai ya cire shi ya naɗa zaren tagulla a gurbinsa. A babur biyu ma takardar cikin kwalin sigari na tarar. Sannan haɗin wayoyinsa murɗawa ce kawai da hannu, babu dalma, wani wurin ko salatif babu, leda ya naɗa. Kuma kai tsaye daga batir yake jawo wutar, ba ta bayan makulli ba, don haka ko ka kashe babur ka zare makulli, wayoyin nan da wuta a jikinsu, koren ƙwan yana ci, wurin cajin yana tsotsa. Shi ya sa wanda ya ajiye babur na 'yan kwanaki yake tarar da sitata ba ta ko motsi.

Wata baiwar Allah ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, wadda ke zagaya ƙauyuka da allurar rigakafi, a zaure take kwantar da nata. Cikin dare ƙaurin roba ya tashi mai gidanta. Wayar da aka jawo ta ƙarƙashin kujera ta goge a jikin ƙarfe, babu fis da zai yanke, ta yi ja kamar garwashi ta narke da sauran wayoyin da ke ɗaure tare da ita. Ku tuna a irin waɗannan babura tankin mai yana ƙarƙashin kujera, tsakaninsa da wayoyin nan bai wuce taƙi ba. Allah ne ya kiyaye mutumin ya iya fizge kan batir ya watsa ƙasa. 'Ya'yansu uku suna kwance a ɗakin da ke jikin zauren. Da ta kawo shi ta ce mini, "Malam, ni fa fitila kawai nake so, don hanyar dawowa akwai duhu." Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Buƙatarta gaskiya ce, kuma da an sa mata fitilar ta bayan makulli, da nata fis, da wayar da ta dace, da ba abin da zai faru.

A kan fitila, ku san cewa kwayil ɗin ƙaramin babur wutar da yake bayarwa kaɗan ce, an auna ta ne daidai ƙwan gaba mai wat 35 ko kusa da haka, da na baya, da sigina, da ɗan abin da zai koma batir. In aka jibga masa manyan fitilu biyu da oda irin ta tirela, abin da ke fita ya fi abin da ke shiga, batir ba zai taɓa cika ba.

Sai kuma satar da ba a gani. Zai taɓa batir ɗinka da wata mita ya girgiza kai ya ce ya mutu, raktifaya ma ta kusa. Ya cire naka na asali da ya zo da babur, ya sa nasa, ya jefa naka a mota wai bola ne. A kasuwa ta gaba shi zai goge ya sayar wa wani. Batir ɗin da ya sa wa mutum uku na ɗaga, ko kusa bai kai nauyin na gaske ba, alhali nauyin batir dalmar cikinsa ce. Raktifayarsa kuma ba ta riƙe wuta. Aikin raktifaya ta mayar da wutar kwayil irin wadda batir ke karɓa, ta kuma tsare ta kada ta yi yawa. Lafiyayyen batir mai bolt 12, in babur a kashe yake, mita za ta nuna wajen 12.6. In an tayar an ɗan ba shi wuta, tsakanin 13.5 da 14.5. Nasa na auna na ga ta wuce 16. Wannan dafa batir yake yi har ya kumbura, ƙwayayen fitila su yi ta ƙonewa ɗaya bayan ɗaya. Duk mai gyaran da ya ce kayanka sun mutu, ka ce ya auna a gabanka ka ga lambar, kuma tsohon kayanka naka ne, ka tafi da abinka gida.

Yanzu maganar kawuna. Ya sayi tayoyin ne ranar da na shiga Kano sayen kaya. Da na dawo na gani na ce, "Kawu, bari in duba tayar nan kafin a hau." Ya ce, "Haba ɗana, sabuwa ce dal, dubi zanenta." Washegari da sassafe ɗansa ya ɗauki Inna, matar kawun, zuwa asibiti a Ringim. A hanyar dawowa da rana tsaka, kwalta ta ɗau zafi, tayar gaba ta fashe. Yaron ya ƙuje a kafaɗa da gwiwa, Inna ta karye a hannu, har yanzu tana ɗaure. Da na cire tayar na gane abin da aka yi. Tsohuwa ce da ta suɗe, aka bi ta da wuƙa mai zafi aka sake yanka mata zane, aka shafe ta da baƙin mai har tana sheƙi. An yanka har an kai ga zaren ciki. Abin da ya rage tsakanin tif da kwalta bai fi kaurin fatar takalmi ba.

Gane irin wannan taya ba wuya, in ka san inda za ka duba. A gefen taya akwai rubutun da ya fara da DOT, ƙarshensa lamba huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Jami'an kiyaye haɗurra suna cewa kada taya ta wuce shekara huɗu daga ranar da aka yi ta, don roba tana bushewa ko ba a hau ta ba. A tayoyin mutumin nan wurin lambar a kankare yake, an goge shi da dutsen wuta. Sannan sabuwar taya tana da 'yan gashin roba a jikinta, kuma a cikin ramin zanen akwai 'yan tudu ƙanana da ke nuna iyakar cinyewa, daidai inda aka sa alamar TWI a gefe. Wadda aka sake yankawa ba ta da su, bakin zanen kuma ba ya tafiya sumul, za ka ga inda hannu ya karkace. Ka matsa gefenta da yatsa a cikin rana, tsagar da aka ɓoye da baƙin mai za ta buɗe. Ka sa farce a ƙasan ramin, in ka ji zare, ajiye masa kayarsa. Ka kuma duba lambar girma, irin 2.50-17 ko 2.75-17 ta roba-roba, ko 3.50-10 ta masu ƙaramar ƙafa, ta zo daidai da wadda ka cire.

Yana kuma karɓar kafin alƙalami, wai zai dawo mako mai zuwa ya mayar maka da ƙafa mai sifok ta zama tubles, wato marar tif, da wani ruwa da yake ɗurawa. Ƙafa mai sifok ramuka ne da ita kewaye, bakinta ma ba a yi shi don riƙe taya ba tif ba. Mutum huɗu na sani da suka ba da kuɗi, wasu a hannu wasu ta POS, kuma bai dawo ba.

Mun kai maganar wurin mai unguwa da dagaci, an sanar da sarkin kasuwa, mun kuma shigar da ƙara wurin 'yan sanda da rasit biyar da akwatunan da na fasa. Ina roƙon matasa, in kun gan shi kada wanda ya taɓa shi ko motarsa. Ku ɗauki lambar motar, ku sanar da shugabannin kasuwa da jami'an tsaro. Ina roƙon malamanmu limamai su taimaka da sanarwa bayan sallar Juma'a, don yawancin waɗanda yake cuta dattawa ne da ba sa shiga Facebook. Ku da kuke karantawa, ku karanta wa iyayenku.

Wanda ya san an riga an yi masa wannan aiki, tun yau ya cire baƙar wayar batir kafin ya kwanta, kada ya kwantar da babur a zaure ko kusa da buhunan hatsi da kara, kada kuma ya ɗauki kowa a kan tayoyin nan. Ya kai wa mai wayarin na garinsu wanda ya san gidansa, a cire na'urar, a mayar da fis, a auna caji, a gyara saitin kafireto. Wanda ke kusa da mu ya turo, ni da abokan sana'ata biyu mun yi shawara za mu duba kyauta, kuɗin fis kawai za ka biya. Ku zo da rasit ɗin da duk abin da aka cire, muna tara su ne don a ƙara a kan ƙarar da ke wurin 'yan sanda.